Matakan riƙe ma'aikatan nesa (masu aiki daga gida ta intanet) a lokacin bazara a Gombe

Daga Maris zuwa Mayu zafin Gombe kan kai digiri 40, alhali yawancin wayoyi an ƙera su ne su yi aiki ƙasa da digiri 35. Da waya ta ɗau zafi sai ta yi nauyi, caji ya tsaya, kira ya katse.

1. Ku mayar da taron kullum ƙarfe 8 na safe, minti 15, da murya kawai. Bidiyo na cin data, yana kuma dafa waya.

2. Kowa ya tanadi layi biyu na kamfanoni daban, da fawa bank cike.

3. A cire rigar waya lokacin caji, kwamfuta kuma a ɗora ta kan tebur. Katifa na toshe mata kafar iska.

4. Wannan ne ya fi muhimmanci. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ake nema kafin a shiga asusu, a WhatsApp da imel. Lambobi shida na shiga asusu da ke shigowa ta saƙo ba a ba kowa, ko da mai tambayar ya zo da sunan oga da hotonsa. Haka ake ƙwace asusu. A kira ogan a ji muryarsa. In dole ta sa a kai waya shagon caji, a kulle ta tukuna.

5. Kafin a tashi aiki, a loda fayiloli a Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet.