Kafin ki sayi na'urar ɗumama abinci

Salamu alaikum 'yan uwa mata na Legas. Wadda za ta sayi maikirowef, ta fara duba lambar ƙarfin wuta (volt) da ke bayansa. A kasuwar Alaba akwai na hannu, tokumbo, masu araha, amma wasu daga Amurka aka kawo su, wutar 110 ko 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce. Kina jonawa ya ƙone. Ki sa mai shago ya ɗumama kofin ruwa a gabanki, ki kuma tabbatar ƙofar na rufuwa ruf.

Sai janareta. Maikirowef ɗin da aka rubuta wat 700 yana jan wuta sama da wat 1,000, don haka ƙaramin janaretan nan ba zai ɗauke shi ba, kada Maigida ya yi ta faɗa.

Ɗumamen tuwo kuwa, ki yayyanka shi, ki yayyafa ruwa, ki rufe, in ba haka ba gefe ya bushe tsakiya da sanyi. Kwanon silba da cokali kada su shiga. Ɗanyen ƙwai ma haka, ni na gwada, "fus!" na ji, na yini ina kankarar gwaiduwa.