Darasi na 6: Gyaran Kujewa da Tsatsa a Jantin Kamiyo

Kamiyon da ke dakon aya da wake daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ko mai bin babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, da wuya ka ga jantinsa ba tabo. Janti shi ne ƙarfen da taya ke zaune a kansa. Bakin kwalta yana kuje shi, tsakuwa tana fasa fentinsa, mai faci ma yakan bar shaidar libarsa. Inda fenti ya tashi kuwa, damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama.

Duba kafin ka taɓa

Wanke jantin da omo da buroshi, ka bar shi ya bushe, sannan ka bi shi da ido da yatsa a cikin haske. Fi tsayawa a kewayen ramukan noti, don can tsaga ta fi ɓuya. Idan ka ga tsaga ko da kamar silin gashi ce, ko rami ya yi tsawo maimakon zagaye, ko bakin ya lanƙwashe, ko tsatsa ta ci ƙarfen har ya yi rami, wannan ba aikin fenti ba ne. A sauya jantin. Wasu sukan shafe tsaga da mastik, wato kwaɓin da ake cike tabon ƙarfe da shi, su fesa fenti don motar ta sayu. Wannan ha'inci ne, kuma rai ake wasa da shi.

Kada a kusantar da walda ko wuta ga janti alhali taya na kansa, ko da an sace iskar. Zafin yana dafa robar daga ciki, tayar tana iya fashewa bayan an ajiye waldar. Jantin mai zobe kuwa, wato wanda zoben ƙarfe ke riƙe tayarsa, sai an fitar da iska ƙarƙaf kafin a kwance noti.

Sai ka san irin jantinka. Ɗauki maganaɗisun tsohuwar sifika: in ya kama, ƙarfe ne, in ya faɗi, alminiyam ne.

Jantin ƙarfe

Cire ƙafar daga motar ya fi, bayan an sa waji da jak a ƙasa mai tauri. Kankare tsatsa da buroshin waya. Inda ƙarfen ya yi kaifi, daidaita shi da magagari a hankali. Bi da sanfefa mai lamba 180, sannan 400, kana faɗaɗa gugar kamar yatsa biyu bayan tabon, har farcenka ya wuce bai sarƙe ba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba mai laushi. Wanda ya tsallake daga 180 zuwa fenti zai ga layukan guga sun fito ɓaro-ɓaro.

Tabo mai ɗan zurfi a fuskar janti ana cike shi da mastik. Kashi 2 cikin 100 na maganin daskarewa ya isa, wato ɗigo kamar ƙwayar wake a kan mastik mai girman ƙwan zabo. A zafin Afrilu yana sandarewa cikin minti kaɗan, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Bayan minti 20 a goge da 400. Ba a sa mastik a mazaunin taya ko wurin noti.

Goge wurin da tsumma mai tsabta da tina, wato ruwan tsinka fenti. Maiƙo ko giris ɗin da ya rage shi ke sa fenti ya yi ido-ido. Soka gutsattsarin kwali tsakanin taya da bakin janti har su zagaye, ka naɗe bawul da salatif.

Fara da fentin ƙasa mai hana tsatsa, shafi 2, sannan launi shafi 2 ko 3. Girgiza gwangwanin minti 2, riƙe shi tazarar santimita 25, ka bar minti 10 zuwa 15 tsakanin shafi da shafi. Feshi mai kauri zuba yake yi. Yi aikin da safe a inuwa, domin jantin da ya sha rana yana busar da fenti kafin ya kwanta. Lokacin hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.

Fuskar da ke haɗuwa da ƙafar mota, da inda noti ke zama, shafi ɗaya siriri kawai suke so. Fenti mai kauri a nan yana murƙushewa a kan hanya, notin ya saki.

Jantin alminiyam

Shafa man goge ƙarfe da tsumma a wani lungun jantin. In tsumman ya yi baƙi, alminiyam ne tsirara: goge tabon da 400, 800, 1500 da 2000, kana jiƙa sanfefar da ruwa, sannan ka murza man har ya yi ƙyalli. In tsumman bai yi baƙi ba, akwai rufin kamfani a kai, kuma sanfefa za ta ɓata shi. Ruwa da sabulu kawai. Ruwan batir da soda suna cin alminiyam, kada a wanke shi da su.

Mayar da ƙafa

Bar fentin ya kwana. Ɗaure notin a gicciye, wannan sannan na daura da shi, ba bi da bi ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a tsaya a sake bin su ɗaya bayan ɗaya.