Yadda Ake Gane Ciwon Tayirod na Garkuwar Jiki da Yadda Ake Kula da Shi

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata ƙaramar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi wadda likitoci ke kira tayirod. Ita ce ke zuba sinadaran T4 da T3 a cikin jini, su kuma suke daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da narkewar abinci, har da jinin al'ada. Wani lokaci garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, takan ruɗe ta juya kan tayirod ɗin. Idan ta riƙa lalata ta sannu a hankali har sinadaran suka yi ƙaranci, ita ce cutar Hashimoto, wadda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya yi bayaninta a 1912. Idan kuwa ta zuga ta har aikin ya wuce kima, ita ce cutar Girebs, mai sunan likitan Ayalan Robat Girebs da ya siffanta ta a 1835. Mata ne suka fi kamuwa da su, nesa ba kusa ba.

A fara da sauraron jiki, amma kada a yanke hukunci da alamu kawai, domin suna da yaudara. Mai cutar Hashimoto yakan yi fama da kasalar da barci ba ya kawar da ita, da jin sanyi alhali kowa na jin daidai, da maƙarƙashiya, da bushewar fata, da zubewar gashi, da ƙarin nauyi, da mantuwa. Mai cutar Girebs kuwa ramewa yake yi duk da yana cin abinci sosai, gabansa na faɗuwa, zufa na karyo masa, hannuwansa na rawa, barci ya ƙaurace masa, wani lokaci idanunsa su firfito. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake ce wa masu wannan larura raggwaye ko masu saurin fushi, su shekara ana ɗora musu laifi a kan abin da awon jini guda zai bayyana.

Akwai ɗan gwajin da mutum zai iya yi da kansa. A tsaya gaban madubi, a ɗaga haɓa kaɗan, a kurɓi ruwa a haɗiye, a zuba wa ƙasan wuya ido: idan wani kumburi ya yi sama tare da haɗiyar ya dawo, mai yiwuwa maƙoƙo ne ke tasowa. A kuma miƙe hannu a ɗora takarda a bayansa, domin rawar da ido ba ya gani takan fito a gefen takardar. Wannan dalilin zuwa asibiti ne kawai, ba ya maye gurbin awo.

A asibiti, awon farko shi ne na TSH, wato sinadarin da wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aikawa don ta umarci tayirod ta yi aiki. Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, domin lissafin a juye yake: idan TSH ya yi sama, tayirod ce ta gaza har ake ta matsa mata, idan kuma ya yi ƙasa ƙwarai, aikinta ne ya yi yawa. A yawancin ɗakunan awo, daidai ga baligi yana tsakanin 0.4 da 4.0 ko kusa da haka. Bayan shi sai awon T4, sannan awon sojojin garkuwa, na TPO ga Hashimoto da na TRAb ga Girebs, wanda shi ne ke nuna cewa garkuwar jiki ce tushen matsalar. Duk mai shan ƙwayar bayotin don gyaran gashi ko farce ya faɗa wa likita, kuma ya dakatar da ita aƙalla kwana 2 kafin awo, domin tana gurɓata sakamako.

Maganin Hashimoto shi ne libotayiroksin, ƙwaya ɗaya a rana da ke maye gurbin sinadarin da ya yi ƙaranci, kuma galibi har ƙarshen rayuwa ake shan ta. Sauƙin nan ne ke sa a yi mata riƙon sakainar kashi, alhali ƙa'idar shanta ita ce rabin maganin. A ajiye ta kusa da shimfiɗa tare da kofin ruwa, a sha da zarar an farka, ciki babu komai, sannan a jira minti 30 zuwa 60 kafin a ci wani abu ko a sha kofi ko madara. Ƙwayar ƙarin jini da kalsiyam da maganin ƙwannafi suna hana hanji tsotse ta, don haka a raba su da ita da awa 4. Bayan an fara, ko an sauya yawanta, sai a sake awon TSH bayan mako 6 zuwa 8, idan ya daidaita kuma sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. Jin sauƙi alama ce cewa maganin na aiki, wanda ya ajiye shi saboda ya ji garau zai ga kasalar ta dawo cikin 'yan makonni. Ƙara shi da ka kuma yana wahalar da zuciya, yana raunana ƙashi.

Cutar Girebs ta fi buƙatar sa ido. Akan ba da kabimazol ko metimazol na wata 12 zuwa 18, wani lokaci tare da furofanolol don lafar da bugun zuciya, idan kuma ta dawo sai a duba shan sinadarin aidin mai tururin nukiliya, wanda ke rage aikin tayirod, ko tiyata. Ga gargaɗin da nake roƙon kada a manta: mai shan kabimazol ko metimazol da ya ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ko gyambon baki ya dakatar da maganin, ya je a auna masa fararen ƙwayoyin jini a ranar, domin a wasu mutane ƙalilan maganin yakan karya su. Haka nan zazzaɓi mai zafi tare da bugun zuciya mai tsanani da ruɗewa lamari ne na gaggawa. Shan taba yana tsananta ciwon idon da cutar Girebs ke kawowa, kuma ganin abu bibbiyu ko dusashewar gani na buƙatar likitan ido ba tare da jinkiri ba.

Kada a nemi ƙarin aidin da sunan gyaran wuya. Rashin aidin yana kawo nasa maƙoƙon, amma a waɗannan cututtuka biyu yawansa na iya dagula al'amari.

Mace mai neman haihuwa ta daidaita awonta tun kafin ciki ya shiga, kuma ranar da ta tabbatar da shigarsa ta sanar da likita, domin buƙatar libotayiroksin takan ƙaru da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100, ƙwaƙwalwar ɗan tayi kuwa da sinadarin uwa ta dogara a watannin farko. Mai cutar Girebs akan sauya mata magani zuwa wata ƙwaya mai suna PTU a wata 3 na farko, wadda ta sha aidin mai tururi kuma za ta jira aƙalla wata 6 kafin ɗaukar ciki. A cikin shekarar farko bayan haihuwa ma tayirod kan iya kumbura, don haka mai jegon da gajiyarta ko faɗuwar gabanta ta wuce misali ta nemi awon TSH, musamman idan tana da ciwon suga nau'i na 1 ko akwai mai ciwon tayirod a danginta.