Yadda Ake Hasashen 'Yan Wasan Farko da Rabon Aikin Tsaro a Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

Daga farkon watan Afrilu, lokacin da ake kammala gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, har zuwa farkon Nuwamba da sabuwar kakar wasa ke buɗewa, magoya bayan kowace ƙungiyar jami'a ba su da abin tattaunawa da ya wuce mutum biyar ɗin da koci zai fara wasa da su. Mafi yawan masu wannan hasashe sukan ɗauko sunayen waɗanda suka fi cin maki a bara, su jera su daga dogo zuwa gajere, su ce sun gama. Wannan hanya ce da ba kasafai take kai mutum ga gaskiya ba, domin tambayar da ke hana koci barci ita ce wa zai tsare wa, kuma amsarta ce ke yanke wanda zai daɗe a fili da wanda zai daɗe a benci. Saboda haka duk wanda yake son hasashensa ya yi kusa da abin da zai faru, sai ya fara daga tsaron gida, sannan ya dawo kan cin maki.

Kafin komai, ka tabbatar da jerin 'yan wasan da ƙungiyar take da su a zahiri, domin a yanzu ba ya tsayawa da wuri kamar yadda yake a da. Tun daga shekarar 2018 da aka buɗe rajistar masu neman sauya makaranta, da kuma 2021 da aka yarda ɗan wasa ya sauya ya ci gaba da buga wasa ba tare da ya zauna shekara guda ba, ƙungiya takan iya rasa rabin mutanenta cikin 'yan makonni, ta kuma maye gurbinsu da baƙi. Akwai kuma waɗanda sukan sa sunansu cikin masu neman shiga NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, sai a ƙarshen watan Mayu a san ko za su dawo makaranta. Hasashen da aka yi kafin Yuni abin hira ne kawai. Da zarar jerin ya tsaya, ka ware masu jinyar rauni da waɗanda ake sa ran za a ajiye su wannan shekarar domin a tanada musu shekarar wasa.

Mataki na gaba lissafi ne mai sauƙi, amma shi ne ke tona asirin hasashen son rai. Wasan maza na jami'a minti 40 ne, rabi biyu na minti ashirin-ashirin, kuma mutum biyar ne a fili a kowane lokaci, wato minti 200 ke nan da za a raba, babu ƙari sai idan an yi kunnen doki an shiga ƙarin lokaci. Ka rubuta sunaye, ka ba kowa rabonsa, ka tara. A misali, idan ka ba biyar ɗin farko minti 33, 31, 29, 27 da 24, ka riga ka kashe 144. Idan mutum uku na farko daga benci suka samu 20, 16 da 12, ka kai 192, saura minti 8 kacal ga duk sauran mutum biyar ko bakwai da ke cikin jerin. A nan ne mai hasashe zai gane cewa sabon yaron da ake ta yabawa ba zai samu minti 25 ba sai an ƙwace su daga hannun wani, kuma dole ne ya faɗi sunan wanda za a ƙwace wa da dalilin da zai sa koci ya yarda.

Yadda za ka raba waɗannan mintoci ya dogara ne ga halin kocin, kuma halin koci abu ne da ke rubuce a tarihinsa. Ka duba kakar wasa uku ko huɗu da suka wuce, ka ga mutum nawa yake amfani da su a wasannin Fabrairu da Maris, lokacin da aka daina gwaje-gwaje. Wasu kan tsaya a kan bakwai ko takwas. Leonard Hamilton, a shekarun da ya yi a Florida State, ya yi suna wajen juya mutum goma ko fiye domin ya riƙa matsa wa abokan karawa da sababbin ƙafafu. Ka kuma lura da abin da kocin yake yi idan ɗan wasansa ya yi laifi biyu kafin hutun rabin lokaci. A jami'a laifi biyar ne ke fitar da mutum, ba shida ba kamar a NBA, don haka kociyoyi da yawa sukan zaunar da mai laifi biyu har sai an dawo daga hutu. Shafukan ƙididdiga irin na Ken Pomeroy da na Bart Torvik suna taimakawa ƙwarai wajen ganin irin waɗannan ɗabi'u.

Yanzu sai ainihin aikin, wato gano salon tsaron ƙungiyar, domin kowane salo da irin jikin da yake nema. Jim Boeheim ya shafe shekaru masu yawa a Syracuse yana tsaron yanki, wato kowa ya tsare wani ɓangare na fili maimakon mutum guda, da mutum biyu a gaba da uku a baya, kuma wannan salo yana son masu dogayen hannuwa, har ɗan wasan da ba shi da saurin ƙafa yakan iya samun gurbi idan tsawonsa ya isa ya rufe hanyoyin miƙa ƙwallo. Tony Bennett a Virginia ya bi tsarin da ya gada daga mahaifinsa Dick Bennett, inda mutum ɗaya ke matsa wa mai ƙwallo, sauran huɗun su tattaru kusa da kwando su toshe duk wata kafar kutsawa. A can ilimin sanin inda za ka tsaya ya fi tsalle daraja, shi ya sa sababbin ɗalibai sukan daɗe kafin su samu minti. Kelvin Sampson a Houston yakan aika mutum biyu su rutsa mai ƙwallo da zarar an kafa masa shinge, wato abokin wasansa ya tsaya ya tare mai tsaronsa, abin da ke buƙatar dogayen 'yan wasa masu iya gudu su fita su dawo cikin ƙiftawar ido. Ɗan wasa ɗaya zai iya zama na farko a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ya kuma zama na tara a wani, ba tare da ƙwarewarsa ta canza ba.

Ina ba da shawarar a fara cike gurbi daga lamba 5, wato dogon da ke tsaye ƙarƙashin kwando, domin iyawarsa ce ke tsara aikin sauran huɗun. Babu dabarar kai hari da ta kai ta shinge yawa a wasan zamani: dogon abokan karawa ya zo ya tsaya a jikin mai tsaron mai ƙwallo, mai ƙwallon ya zagaya ta gefensa, shi kuma dogon ya juya ya nufi kwando. Abin da dogonka zai iya yi a wannan daƙiƙa shi ne komai. Idan mai nauyi ne kamar Zach Edey da ya buga wa Purdue, mai tsawon ƙafa 7 da inci 4, zai ja da baya ya jira a bakin kwando, kuma dokar jami'a ta ba shi wannan dama tunda ba ta hana mai tsaro daɗewa a ƙarƙashin kwando ba kamar yadda dokar daƙiƙa uku ta NBA ta hana. To amma wannan yana ɗora nauyi a kan ɗan wasan baya, wanda dole ne ya matse jikinsa ya bi ta saman shingen, ya biyo mai ƙwallo a duga-dugansa, ya ɗaga hannu ta bayansa domin kada ya samu sararin jifa mai maki uku. Ƙungiyar da dogonta ke ja da baya ba za ta iya fara wasa da ɗan baya mai maƙalewa a shinge ba, komai yawan makin da yake ci. Idan kuwa dogon mai saurin ƙafa ne da zai iya tsayawa gaban ƙaramin ɗan wasa na 'yan daƙiƙoƙi, to koci zai iya cewa a yi musayar mutum, sai matsalar ta koma kan ƙaramin ɗan wasanka wanda yanzu aka bar shi da ƙato a bakin kwando.

Kada ka manta da laifuffukan dogon. Ka duba yawan laifin da yake yi a kowane minti 40: wanda ke yin shida, a lissafi zai cika biyar kafin minti 34, a zahiri kuma koci zai riƙa cire shi tun da wuri, har da wuya ya wuce minti 25. Wannan na nufin mataimakinsa ba ɗan kallo ba ne, kuma ya kamata ka ba shi rabo mai tsoka. Ƙungiyar jami'ar Connecticut (UConn) da ta lashe kofin 2023 ta nuna darajar wannan gurbi, inda Adama Sanogo ɗan ƙasar Mali yake farawa, Donovan Clingan mai tsawon ƙafa 7 da inci 2 yake shigowa daga benci, ta yadda abokan karawa ba su taɓa samun hutu a ƙarƙashin kwando ba.

Bayan dogon, akwai ayyuka uku da ya kamata ka sa wa kowanne suna. Na farko shi ne wanda zai tari mai jan ragamar abokan karawa tun daga tsakiyar fili; agogon jifa, wato lokacin da ƙungiya ke da shi ta jefa ƙwallo a kwando, daƙiƙa 30 ne tun kakar 2015 zuwa 2016, kuma duk daƙiƙar da ya cinye musu kafin su fara tsara hari riba ce. Ba dole ba ne ya zama mai jan ragamar ƙungiyarka, domin koci yakan sauke wa babban mai cin makinsa wannan wahala domin ya adana ƙarfinsa. Na biyu shi ne ɗan gefe mai tsawo da ƙarfi da za a ɗora wa gwanin abokan karawa, kuma irin wannan ɗan wasa yakan fara wasa ko da makinsa bai wuce biyar ko shida ba. Na uku shi ne wanda za a ɓoye, wato mai raunin tsaro da za a ba shi mutumin da ba ya jifa sosai. Ƙungiya za ta iya ɓoye mutum ɗaya. Ɓoye biyu a lokaci guda abu ne mai wuyar gaske, musamman tun 2019 da aka matsar da layin maki uku zuwa kusan mita 6.75, fili ya ƙara faɗi, tazarar kai ɗauki ta ƙaru. Idan jerinka yana ɗauke da masu raunin tsaro biyu, ka sake shi, domin mai yiwuwa ɗayansu zai koma jagoran 'yan benci.

Wajen auna iya tsaro, ƙididdiga tana da iyaka, kuma ina ganin a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Yawan ƙwace ƙwallo da yawan doke jifa suna nuna kuzari da tsawon hannu, amma wani mai ƙwace ƙwallo ɗan caca ne da ke barin mutuminsa ya wuce sau uku kafin ya dace sau ɗaya. Ka nemi bidiyon cikakken wasa guda biyu ko uku, ba gutsattsarin bajinta ba, ka cire idonka daga ƙwallo ka zuba shi a kan mutum ɗaya. Ka ga ko kansa yana juyawa tsakanin ƙwallo da mutuminsa, ko yana nuni da hannu yana yi wa abokansa magana, ko yana neman jikin abokin karawa ya tokare shi da baya idan an yi jifa, ko kuwa yana tsayawa yana kallon sama. Ga wanda ya zo daga ƙaramin rukunin jami'o'i masu karawa da juna zuwa babba irin su Big 12 ko SEC ko Big Ten, ka nemi wasannin da tsohuwar makarantarsa ta buga da manyan ƙungiyoyi, domin iya jifa yakan biyo mutum duk inda ya je, amma saurin ƙafar da ta ishe shi a can ba lallai ne ta ishe shi a nan ba. Sabon ɗalibi daga sakandare kuwa, ka rage masa minti a Nuwamba, ka ƙara masa a Fabrairu.

Yana da kyau ka rubuta jeri biyu, na masu farawa da na masu kammalawa, domin sau da yawa sun bambanta, kuma na biyun ne ke nuna waɗanda koci ya amince da su. De'Andre Hunter bai kasance cikin masu farawa a Virginia a kakar 2017 zuwa 2018 ba, amma shi ne yake ba su damar tsare kusan kowane gurbi idan wasa ya yi zafi. Ya ji rauni a wuyan hannu gab da gasar ƙasa, kuma ba tare da shi ba ne UMBC, wata jami'a a jihar Maryland, ta doke su da ci 74 da 54, karo na farko a gasar maza da ƙungiya mai matsayi na 16, mafi ƙanƙanta a jadawalin gasar, ta fitar da mai matsayi na 1. Shekara guda bayan haka, yana cikin masu farawa lokacin da suka doke Texas Tech suka ɗauki kofin 2019.

Da ka kammala jerinka, ka gwada shi da ƙungiyoyi uku mafi ƙarfi a rukuninsu, ka ɗauki 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya ka faɗi wanda zai tsare kowanne. Duk inda ka rasa amsa, can ne koci zai yi canji, ko dai ya ƙara dogo na biyu ko ya koma tsaron yanki na ɗan lokaci. A watan Oktoba, idan aka fara atisaye da wasannin sada zumunta, ka saurari abin da kocin yake faɗa da kunne biyu: yabon da yake yi wa kowa da kowa ba ya nuna komai, amma idan ya ambaci sunan wani yana cewa yana magana a tsaro ko ya fahimci juyawa, wato sauya gurbi domin kai wa aboki ɗauki, to ka ƙara wa wannan minti. Sannan ka bar hukuncin ƙarshe har sai ƙungiyar ta haɗu da babbar abokiyar karawa ta farko a Nuwamba, ka rubuta sunayen mutum biyar da ke fili a minti huɗu na ƙarshe, ka gyara lissafin mintocinka a kansu.