Yadda Za Ka Fahimci Aƙidar Hindu Daga Tushe

Mazaunin Nima ko Sabon Zango a birnin Accra da ke son sanin abin da mabiya Hindu suka yi imani da shi ba ya buƙatar zuwa Indiya, domin a Odorkor akwai wurin ibadar da Swami Ghanananda, ɗan Ghana, ya kafa a 1975, a Medie kuma akwai na 'yan Hare Krishna, wata ƙungiya ta mabiya Hindu. Shawarata ita ce kada ka fara da gumaka, ko da yake su finafinan Indiya suka fi nuna mana.

Fara da rai, wanda suke kira atman. A wurinsu rai ba ya mutuwa. Idan jiki ya ƙare sai a sake haihuwarsa a wani jikin, kamar mai tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa, kuma wannan kewayen shi ne samsara. Abin da ke tsara irin haihuwar da za ta biyo baya shi ne karma, wato sakamakon ayyukan mutum, ba hukuncin da aka rubuta masa tun fil azal ba, don haka kada ka haɗa shi da ƙaddara. Dharma kuwa ita ce haƙƙin da ya rataya a wuyan kowa gwargwadon matsayinsa. Burin ƙarshe shi ne moksha, kuɓuta daga kewayen baki ɗaya, wanda makarantar Advaita ta malaminsu Shankara ke bayyanawa a matsayin gane cewa atman da Brahman, asalin samuwa, abu ɗaya ne. Wasu makarantun, irin ta Madhva, ba su yarda da haka ba, kuma wannan saɓani ya cancanci ka tsaya a kansa.

Sai ka koma kan lokaci, wanda a wurinsu juyawa yake yi: zamani huɗu ne, Satya, Treta, Dvapara da Kali, jimillarsu shekara 4,320,000, kuma suna ganin yanzu ana cikin Kali mai shekara 432,000. A nan ne allolinsu Brahma mai halitta, Vishnu mai kiyayewa da Shiva mai rushewa za su zauna maka daidai.

Don karatu, nemi Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin littattafansu masu tsarki, babi 18 ne kawai, inda abin bautarsu Krishna ke yi wa jarumi Arjuna bayanin dharma a filin yaƙin Kurukshetra. Idan za ka ziyarci wurin ibadarsu, cire takalmi a ƙofa, kada ka shiga da nama, kuma ka nemi izini kafin ɗaukar hoto.