Matakan samun rukunin masu daina shan giya a Kaduna

Mataki na farko likita ne, ɗan'uwa. Idan ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke giya rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jiki kan yi bore: karkarwa, zufa, rashin barci, wani har jijjiga da gane-gane cikin kwana 2 zuwa 3, kuma hakan na iya kisa.

Na biyu, ka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Na san sunan da 'yan gari ke kiransa da shi, ka toshe kunnenka. Suna da sashen masu fama da shaye-shaye. Ka tambayi nas kai tsaye ko akwai zaman da waɗanda suka daina ke haɗuwa, da ranarsa. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ma tana da masu ba da shawara.

Na uku, in kunya ta hana ka fita, nemi zaman Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu taimakon juna su daina giya, ta intanet. An kafa ta a Amurka a 1935, ba kuɗin rajista, ba kuma sai ka faɗi cikakken sunanka ba.

Na huɗu, ka halarci zama kamar uku kafin ka ce bai yi maka ba. Sauraro kawai ya isa ranar farko. Amma duk gidan da ake sa mari ko duka da sunan gyaran hali, ka guje shi. Mun ga abin da 'yan sanda suka bankaɗo a wani irin gidan a Rigasa a 2019: mutane ɗaure da sarƙa.

Kafin a watse daga zaman, karɓi lambar mutum ɗaya da za ka kira idan sha'awar ta taso da dare.