Ga malaman da ke son koyarwa a Amurka

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Duk mai niyyar koyarwa a makarantun gwamnati a Amurka, don Allah ya fara tsai da jihar da zai zauna kafin ya kashe ko sisi kan jarrabawa. A Najeriya rajistar TRCN (hukumar rajistar malamai ta ƙasa) guda tana aiki daga Sakkwato har Legas, amma can kowace jiha ita ke ba da nata lasisin.

Jihohi da yawa suna amfani da jarrabawar Praxis wajen ba da lasisin koyarwa, wasu kuwa tasu gare su: Texas na da TExES, Florida na da FTCE, New York na da NYSTCE. A New York ɗin ma lasisin farko na shekara 5 ne, kuma ba a ba ka na gaba sai da digiri na biyu da koyarwar shekara 3. Wannan sharaɗi yana da nauyi ga mai iyali, a yi lissafinsa tun yanzu.

Takardun karatunka na gida sai an tantance su, to duba shafin hukumar ilimi ta jihar, ka ga kamfanonin da ta amince da su kafin ka biya. In ka sauya jiha, sai ka sake neman lasisi.